Kujeru Arba'in na Bature

Sunansa na yanka Abdussamad, amma in ka shiga lungunsu na Ƙuba kana neman gidan Abdussamad sai dai a yi ta kallon juna. Ka ce Bature kuwa, tun daga bakin titi za a nuna maka ƙofa. Kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Kano don aikin hajji bai koma ba, shi kuma a Madina aka haife shi, a nan ya yi furfura. Sunan Bature ya samo shi ne daga wata shida da ya yi yana tuƙa wasu Turawa injiniyoyi a Yanbu, yau shekara arba'in ke nan. Turancin da ya dawo da shi bai taka kara ya karya ba: dama, hagu, tsaya, gobe, babu matsala. Amma in ka ji yana ba da labari, ka rantse shi ne ya riƙa yi wa Turawan gyaran harshe.

"Ni fa har mafarki da Turanci nake yi," in ji shi. "Wani lokaci sai na farka nake fassara wa kaina."

'Yarsa Sundus ita ce ta yi karatun da gaske. Ta gama jami'a a fannin Turanci, ta shekara biyu tana aika takardun neman aiki ana ce mata za a kira, ba a kira ba. Ana nan sai ga wata Musulma 'yar ƙasar Sin, ana ce mata Hajiya Ma, wadda ke kula da karatun 'ya'yan Sinawa mazauna Madina, masu gidajen abinci da fataken dabino. 'Yan mata huɗu ne a hannunta, 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Saura wata huɗu su koma gida su zauna babbar jarrabawar shiga jami'a, ga shi Turancin sauraro da na karatu ya zame musu ƙarfen ƙafa. Malama take nema. Ta ce za ta kawo su gidan su Sundus ranar Alhamis bayan la'asar, Sundus ta gwada su a gabanta. In abin ya yi mata, aiki ya zama na Sundus.

Bature ne ya kai 'yarsa wurin ganawa da Hajiya Ma a unguwar Al-Sih, kuma bai iya zama a mota ya jira ba. Da suka fito rakiya ya tare Hajiya Ma da Larabci.

"Hajiya, kwantar da hankalinki. Duk kalmar da ke bakin yarinyar nan daga bakina ta fito. Ni na koya mata tun tana rarrafe."

Hajiya Ma ta yi murmushi ta gyaɗa kai. Sundus kuwa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

A wurin cin abincin rana ne Sundus ta yi kuskuren da ta daɗe tana da-na-sani. Cikin zumuɗi ta ba iyayenta labarin da Hajiya Ma ta ba ta, cewa a can ranar jarrabawar sauraro ba wasa ba ce. Ana tsare hanyoyin da ke kusa da makaranta, a hana hon, a dakatar da masu gini. Ɗalibai su zauna jere, murya ta fito daga lasifika, ba a ganin mai magana.

Bature ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Ke kuma yaya za ki yi naki?"

"A majalisa, ɗakin baƙinmu, Abuya. Da wayata da 'yar ƙaramar sifika. Shi ke nan."

"Da waya? Mutanen da ake rufe wa titi za ki tara da waya?"

Matarsa Zenabu ta san wannan ƙyallin da ke idonsa. Ta gan shi ranar da ya ce zai gyara tankin ruwa, suka kwana uku suna roƙon ruwa a maƙwabta. "Abu Sundus," ta ce, "ka ci shinkafarka. Wannan ba huruminka ba ne."

"Wa ya ce zan yi wani abu?" in ji shi, ya ci gaba da ci yana kallon silin.

Ranar Laraba da hantsi ya sa farin tobinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, ya shiga bin gidajen lungu ɗaya bayan ɗaya. Abin da yake nema shiru ne, gobe daga la'asar zuwa magariba: ba rediyo, ba injin wanki, ba ƙwallon yara. Dalili kuwa ya ƙi faɗa, don so yake abin ya zo wa kowa bagatatan, musamman Sundus. Duk wanda ya tambaya sai ya haɗe fuska ya dafa kafaɗarsa.

"Gobe za ka gani da idonka. Ka dai yi min wannan, ba zan sake roƙonka komai ba."

Matsalar ita ce Zakiru mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda shagonsa ke daidai ƙarƙashin tagar Bature, guduma ba ta hutawa. Shekara biyu ba sa magana, tun ranar da Zakiru ya ce a gaban jama'a Turancin Bature mota kaɗai ke ji. Bature ya tsaya bakin shagon.

"Zakiru, abin da ya wuce ya wuce. Ka yafe ni, na yafe ka."

Zakiru ya ajiye sukundireba ya dube shi sama da ƙasa. "Lafiya dai, ya sheikh?"

"Lafiya sai ta Allah. Gobe kawai ka rufe shago da la'asar."

Suka rungumi juna. Bature ya tafi yana yaba dabararsa, Zakiru ya bi bayansa da kallo, jikinsa ya yi sanyi.

Da yamma ya aro lasifika wurin mai sayen tsofaffin kaya, irin wadda ake ɗaurawa a kan mota. Ya kwashe takardar da Sundus za ta karanta daga kan teburinta ya kai aka buga masa kwafi. Ya kulle kansa a ɗakin sama yana maimaitawa har murya ta dashe. Da wannan dasasshiyar murya ya kira Tahir, wani dattijo ɗan Cadi mai ba da hayar kujeru.

"Kujeru arba'in, gobe da azahar, gidan Abdussamad na lungun Zakiru. Ka jera su a waje. Kada ka ƙwanƙwasa ƙofa, kada ka kira kowa."

"Ɗayyib, to. Biki ne?"

"Wane irin biki? Ba kiɗa, ba guɗa, ba dariya. Wanda ya zauna ya sunkuyar da kai kawai."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Tahir, amma Bature ya riga ya kashe waya.

Shekara talatin Tahir yana wannan sana'a, kuma a saninsa abu biyu ne ke sa a jera kujeru a lungun Madina. In ba biki ba ne, to zaman makoki ne. Saboda haka ya zo da kujerun makoki, ya jera su sahu-sahu, ya ware layi guda yana fuskantar sauran don 'yan gida masu karɓar gaisuwa. Don kara ma ya haɗo da butocin gahawa da farantan dabino.

Gida kuwa babu kowa a ƙasa. Tun safe Bature ya lallaɓa Zenabu ta tafi wurin ƙanwarta a unguwar Bani Harisa, don ya san muddin tana nan shiri ba zai yi rai ba. Sundus ta tafi Al-Sih don ta taho da baƙin, ta sa wayarta a shiru. Shi ma ya kashe tasa, ya gicciya tsohuwar motarsa a bakin lungu, ya lallaɓa ya hau sama ya ja labule, ya leƙo da bakin lasifika ta tsakanin ƙarafan taga.

Zakiru ne ya fara dawowa daga sallar la'asar ya ga kujeru. Ya nufi wurin Tahir da sauri.

"Wa ya rasu?" ya tambayi Tahir.

"Gidan Abdussamad aka ce. Wani ne ya kira, muryarsa ta dashe don kuka."

Zakiru ya kira wayar Bature, a kashe. Ya kira ta Sundus, ba a ɗauka ba. Sai ga Lurwanu, direban tasi mai ritaya, wanda ba a taɓa ba shi labarin da bai riga ya sani ba.

"Ai ni a masallacin Harami na yi azahar," in ji shi. "An sallaci maza uku. Na ga ɗaya dogo, gabana ya faɗi, na ce wannan tsawon na san shi."

"Ashe ya ji a jikinsa!" Zakiru ya fashe da kuka. "Jiya ya zo har shago ya nemi gafarata. Ya ce ba zai sake roƙona komai ba!"

Kafin a ce me, saƙo ya zaga wayoyin unguwa. Kowa ya tuna ziyarar jiya da wannan haɗaɗɗiyar fuska. Maza suka yi ta ɓullowa ta gefen motar da aka gicciya, suna zama a hankali, kai a sunkuye.

Bature ya leƙa ta gefen labule ya ga kujeru na cika, ba tari ba motsi. Daɗi ya kama shi. Bai gayyaci kowa ba, amma ga shi gari ya zo jin Turancinsa, kuma da ladabi irin wanda ko a Sin sai haka. Gahawar ce kawai bai gane ba, amma ya ce a ransa Tahir ya san aiki.

Sai ya jiyo magana a ƙarƙashin taga.

"Mutumin kirki ne. Shekara goma yana kai mahaifiyata asibiti, ko godiya ba ya tsayawa karɓa."

"Duk watan azumi shi ke ɗaukar tsofaffin lungu zuwa Harami."

Bature ya ce a ransa, wane ne wannan da ke kwaikwayona? Sai da ya ji an ce "Allah Ya jiƙan Abu Sundus" sannan ya gane, ya zauna daɓas a kan tabarma. Ya taɓa ƙirjinsa ya ji yana bugawa. Da wani ne, da ya miƙe nan take ya buɗe taga ya ce ga ni. Bature ya miƙe kam, har ya kama labule, sai ya tuna bai taɓa jin an yabe shi haka ba tun da aka haife shi. Ya ce bari ya ƙara minti biyar.

Minti biyar ɗin ne suka cuce shi, don a cikinsu Zakiru ya share hanci ya ce, "Aibinsa ɗaya ne, Allah Ya yafe masa. Turancin nan. Wallahi bai iya ba."

"Ko kaɗan," in ji Lurwanu. "Amma a rufa masa asiri, ya riga mu gidan gaskiya."

Kusan mutum goma suka amsa da amin.

Jinin Bature ya hau kai. A daidai lokacin wata farar bas ta tsaya a bakin lungu. Sundus ta sauko, Hajiya Ma na biye da ita, sai 'yan mata huɗu kowace rungume da jakar alƙaluma. Sundus ta ga motar ubanta a gicciye, ta ga kujeru, ta ga butocin gahawa. Maza suka miƙe tsaye. Zakiru ya tako gabanta hawaye na bin gemunsa.

"Azzamallahu ajraki, 'yata. Sai haƙuri."

Takardu suka zube daga hannunta. "Abuya?" ta ce, da wata 'yar murya da ba a san ta da ita ba.

Daga taga Bature bai ga fuskarta ba, motarsa ta tare. Abin da ya gani shi ne Sinawa sun iso, masu zaginsa suna tsaye, lasifika na hannunsa. Ya danna maɓalli. Lasifika ta yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, sannan murya ta cika lungu.

"Gud aftanun! Kwashan namba wan!"

Abin da ya biyo baya har yau ana gardama a kansa. Lurwanu dai, wanda ya ga gawar da idonsa, shi ya fara kaiwa bakin titi, ya bar takalmi ɗaya. Wani tsoho ya shige ƙarƙashin kujera yana karanta Ayatul Kursiyyu. Tahir ya saki butar gahawa, ta yi wa fararen tobi guda uku wanka. Zakiru ya ɗaga kai sama yana cewa, "Na yafe maka, wallahi na yafe maka, ka koma!"

Bature bai tsaya ba. Labarin da ke takardar na wasu mata biyu ne da ke shawarar zuwa ɗakin karatu, shi kuwa ya bi shi harafi-harafi kamar mai jan mota a yashi. Inda matar farko ke magana ya yi muryarsa, inda ta biyu ke amsawa ya siranta murya. Kalmar da ta fi ƙarfinsa sai ya tsallake ta ya cike gurbin da "no furoblam". 'Yan matan, da yake an horar da su, suna jin an ce tambaya ta ɗaya suka zauna a layin 'yan gida, suka zaro alƙaluma suna jira Turanci ya fara.

Sundus ce ta hau bene da gudu ta fizge wayar lasifika daga bango. Ta ƙanƙame shi tana kuka, tana dukan ƙirjinsa da hannu biyu.

"Haram alaik, Abuya! Ba ka kyauta ba!"

Sai a lokacin ya ga fuskarta, kuma sai a lokacin kunya ta fara kama shi.

Suna saukowa tasi ta ajiye Zenabu da ƙanwarta, ido ya kumbura, mayafi a karkace. Zenabu ta yi turus ta dubi mijinta daga rawani har takalmi.

"Kai ne?"

"Ni ne, Ummu Sundus. Kuskure aka..."

"Tun daga Bani Harisa nake kuka. Na faɗi alherinka har da wanda ba ka yi ba. Ka bari mutane su watse, ni da kai ne."

Jama'a suka fara dawowa, dariya na cin wasu, wasu na tsaki. Lurwanu ya dawo neman takalminsa yana cewa shi dama tun farko bai yarda ba, don wancan na Harami ya fi wannan ƙiba.

Hajiya Ma ba ta yi dariya ba. Ta tambayi 'yan matan wani abu da yarensu, suka nuna mata takardu farare fes. Ta juyo wurin Bature da Larabcinta mai tsabta, cikin ladabi.

"Alhamdu lillahi da kana raye, ya ammi. Muryarka ce muka ji?"

"Tawa ce," in ji shi, ƙirji ya ɗan taso duk da komai.

"Ka ce min kai ka koya wa 'yarka duk abin da ta sani." Ta dubi Sundus da tausayi. "Yaran nan wata huɗu ya rage musu, kuma sau ɗaya ake zama jarrabawar a shekara. In daga nan Turancinta ya fito, ba zan iya ba ta su ba. Ku yi haƙuri."

Ta yi wa 'yan matan alama su tashi. Sundus ta durƙusa tana tsince takardunta daga cikin gahawar da ta zube, tana goge su da gefen abayarta ɗaya bayan ɗaya.

Bature ya dubi 'yarsa a durƙushe. Ya dubi lungu, mutum arba'in da ɗoriya, kowa ya zuba masa ido. Shekara arba'in yana gina sunan nan.

"Hajiya," ya ce. "Hajiya, tsaya. Ƙarya na yi miki."

Hajiya Ma ta tsaya ta juyo.

"Ban koya mata ko harafi ɗaya ba. Ni direba ne. Na kai ta makaranta na ɗauko ta, iyakar abin da na yi ke nan. Tun tana aji uku take kawo min littafi in duba mata, ina riƙewa ina gyaɗa kai, ban san me ke ciki ba. Ita ma ta sani, ba ta taɓa tona ni ba." Ya nuna jama'a. "Tambayi waɗannan. Ɗazu suka ba da shaida ban iya ba, kuma a kan gawata suka faɗa, ba su da dalilin yin ƙarya."

"Wallahi bai iya ba, Hajiya," in ji Zakiru da sauri, yana share ido. "Ni shaida ne."

"Ya isa, Zakiru, ba a ce ka ƙara gishiri ba."

Hajiya Ma ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Da ta natsu ta duba agogo ta dubi Sundus. "Akwai sauran lokaci kafin magariba. Kina iya karanta musu da bakinki?"

"A nan?"

"Ga kujeru, ga shiru. Ko a can gida ba na samun irin wannan."

Sundus ta share fuska ta miƙe da jiƙaƙƙiyar takarda a hannu. Muryarta ta yi rawa a layin farko, a na biyu ta daidaita. Turanci ya riƙa fita sumul, ba gargada. Kawunan 'yan matan huɗu suka sunkuya lokaci guda, alƙaluma suka fara tafiya. Da ta kai tambaya ta biyar, Hajiya Ma ta leƙa takardar ta kusa da ita, ta gyaɗa kai, ta zaro jadawalin mako daga jakarta ta rubuta sunan Sundus a ciki.

Bature ya lallaɓa ya zauna a sahun ƙarshe, cikin waɗanda suka zo makokinsa. Zakiru ya matso da kujera ya raɗa masa a kunne.

"Me take cewa?"

Bature ya buɗe baki kamar yadda ya saba, sai ya rufe. Idonsa na kan 'yarsa, ya cika da ƙwalla.

"Ban sani ba," ya ce. "Yi shiru mu ji."